Igiyar da Ke Hannun Yaya

A gidanmu ba a ba Yaya umarni. Roƙonsa ake yi, a lallaɓa shi, a kewaya da magana har sai ya ɗauka shi ne ya kawo shawarar. Bara da ƙafarsa ta kumbura ya ƙi zuwa asibiti, haka muka yi mako uku muna zagaye shi da "don Allah" da "ka yi haƙuri", ita kuwa ƙafar babu ruwanta da ladabinmu, kullum ƙara lalacewa take yi. A makonnin nan ne na riƙa tuna wani jirgin ruwa da muka taɓa tuƙawa a kogin Kaduna, ni da shi, lokacin ina da shekara goma sha bakwai. Sai na ba da labarin jirgin kafin a gane yadda muka ƙare da ƙafar.

Shekara takwas Yaya ya ba ni. Babanmu daga kudancin jihar ya zo Kaduna aikin masaƙa, masaƙar ta rufe, shi ma bai daɗe ba ya rasu. Yaya yana ajin ƙarshe na sakandare ya ajiye littafi ya tafi koyon walda a Sabon Tasha, kuma da wannan waldar aka ciyar da mu, da ita na yi makaranta. Tun daga lokacin Mama ta ba shi kujerar babanmu, ta ba shi kwanonsa na abinci. Ban taɓa kiran sunansa ba. In yana magana ƙasa nake kallo. Ina ƙaunarsa, ina kuma tsoronsa, kuma a wancan lokacin ban san abubuwa biyu ne daban ba.

Da muka koma Mahuta, unguwar ba ta cika ba tukuna, tsakanin gida da gida akwai gonar masara. Maƙwabcinmu wani dattijo ne mutumin Binuwai, tsohon sojan ruwa, wanda ya yi ritaya ya zo zama wajen ɗansa ma'aikacin gwamnati. Baba muke ce masa, duk unguwa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a teku aka kawo shi aka ajiye a baranda, ba abin da yake gani sai mu, matasan da suka gama sakandare suna jiran sakamako, muna zaune a gindin mangwaro muna musun ƙwallo. Zaman ya ishe shi, mu ma mun ishe shi. Sai ya gangara kogi ya samo tsohon kwale-kwale wajen masu ɗibar yashi, ya liƙe ɓarakarsa da kwalta, ya kafa dogon icen turare a tsakiya. Ya roƙi tsohon tampol na rumfar coci, ya yanka shi kusurwa uku, ya ɗinke bakinsa da zaren buhu. A bayan jirgin ya rataya wani katako mai faɗi da ke shiga ruwa, da sanda a kansa, wadda in ka tura ta jirgin ya juya. Ita ce sandar tuƙi. Ƙarafan da suka riƙe duk waɗannan, Yaya ne ya yi masa waldarsu.

Da Baba ya nemi matasan da za su tuƙa jirgin na ce zan shiga, Mama ta ce ba da ita ba, ba ta haifi 'ya don kogi ba. Na yi kwana uku ina kumbure-kumbure kafin ta yarda, da sharaɗin Yaya zai riƙa zuwa. Shi kuma ya ce ba don ni zai je ba, zai je ne ya ga ko waldarsa ta kama. Ta kama tun Asabar ɗin farko, amma bai fasa zuwa ba.

Mu shida ne. Ni da Yaya, da wasu tagwaye mata 'yan Filato, da wani dogo da ke zuwa tun daga Kakau, da ɗan faston cocinmu. Wata guda Baba bai bar mu mun taka jirgin ba, sai koyon iyo a bakin gaɓa, kowa da jarkoki biyu ɗaure a ƙirji, masu yashi suna ta yi mana dariya suna ce mana 'yan jirgin coci. Da ya gamsu ba za mu nutse ba sai ya zaunar da mu a kan yashi ya kafa mana dokoki biyu. Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk "kai" yake ce mana.

Doka ta farko, wanda ya riƙe sandar tuƙi shi ne mai jirgi a ranar, ko da shi ne ƙarami, kuma kowace Asabar sandar hannu take sakewa. Doka ta biyu, in mai sanda ya ba ka umarni, ka maimaita shi da ƙarfi kafin ka aikata. In ya ce "Ja igiya", ka ce "Ja igiya", sannan ka ja. Mun ɗauka son girma ne irin na soja, sai da muka shiga ruwa muka ga dalili. Tampol ɗin nan in ya buɗe yana raba jirgi biyu, wanda ke riƙe da igiyarsa ba ya ganin komai sai tampol, wanda ke gaba da gora yashin da ke ƙarƙashin ruwa kawai yake dubawa, tagwaye suna can suna komawa gefe zuwa gefe don daidaita nauyi, mai kwashe ruwa kuwa kansa a sunkuye yake. Mutum ɗaya ne ke ganin kogin duka, shi ne na baya. Iska kuma tana kwashe magana, in ba ka ji an maimaita ba, ba ka da tabbacin an ji ka.

Ba zan manta ranar da tampol ya fara cika da iska ba. Damina ta ja baya, kogin a cike yake amma ya huce. Muna ta hayaniya sai muka ji jirgin ya ɗan karkata, ya fara tafiya da kansa, ba filafili, ba inji. Kowa ya yi tsit. Ba abin da ake ji sai ruwa yana shafar katako. Na saci kallon Yaya na ga yana murmushi, haƙoransa duk a waje, abin da rabona da gani tun babanmu yana da rai.

Sandar tuƙi tana tona halin mutum. Babbar tagwaye in ta riƙe, ihu take yi daga tashi har dawowa, har kunne ya gaji a daina saurarenta. Dogon Kakau shi kuma sai ya nemi ra'ayin kowa kafin ya juya jirgi, kafin a gama shawara mun hau yashi. Yaya kuwa kamar don ita aka haife shi. Kalma biyu zai faɗa, kowa ya tashi tsaye. In wani ne ke tuƙi yakan maimaita umarni, amma can ƙasa-ƙasa, kamar mai amsa gaisuwar da bai so ba. Yaran mutane ne, wasa ne, ya haƙura.

Ni ce matsalar. Na fi kowa iya karanta ruwa, Baba da kansa ya faɗa. Nakan hango iska tun kafin ta iso, domin fuskar kogi takan yi duhu ta yi ƙananan ƙuraje a inda take tahowa. Amma da na lissafa cewa ranar da zan riƙe sanda Yaya ne zai riƙe igiya, sai na fara neman hanyar zillewa. Asabar ɗin farko na ce ciwon ciki nake yi. Ta biyu na ce akwai koyon waƙa a coci. Ta uku na makara da gangan. Sai a ta huɗu na iso na tarar kowa yana zaune a jirgi, an bar mini baya, shi kuma ya tsaya a gaɓa ya harɗe hannu.

"Kai, yarinya," ya ce, "yau ko cikinka zai fashe, a kan sanda zai fashe."

Da farko abin ya tafi daidai. Na ce wa tagwaye su koma dama, suka maimaita suka koma. Na ce wa ɗan fasto ya duba gaba, ya maimaita. Yaya kuwa na yi ta dabara ina juya jirgi yadda ba sai na ce masa komai ba, shi ma yana ja yana sassautawa da hankalinsa. Har na fara jin daɗi. Muna dab da inda kogin ya yi kwana, wajen da ruwa bai wuce ƙirji ba, sai na hango iskar. Duhun nan ya taso daga can gaɓar arewa, yana gudu a kan ruwa, ya nufo mu. Na san abin da ya kamata. A saki igiya, tampol ya zubar da iska, ta wuce. Kalma biyu ce. Yaya yana gabana, tampol ya tare masa gani.

Na buɗe baki, sai ga abin da ya fito: "Yaya, don Allah ka yi haƙuri, in ba damuwa, ko za ka ɗan..."

Ya juyo ya dube ni yadda ya saba a gida. "Ina jin ki, ƙarasa mana."

Ban ƙarasa ba. Iska ta daki tampol, jirgin ya kwanta a gefensa, muka zube a ruwa gaba ɗaya. Na taso ina tari na ga kawuna huɗu, ni ce ta biyar. Ƙaramar tagwaye babu ita. Tampol ne ya rufe ta, jarkokinta sun tokare ta a ƙarƙashinsa, ba ta iya nutsawa ta fita, ba ta kuma samun iska. Yaya ne ya nutsa ya jawo ta ta ƙafa. Abin bai kai minti ɗaya ba, amma har yau in na ga an shanya tampol a jiƙe sai gabana ya faɗi.

Masu yashi suka taimaka aka ja jirgi gaɓa. Yarinyar ta amayar da ruwa, ta yi kuka, ta dawo hayyacinta. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsayar da ni a gaban kowa, ruwa yana ɗiga daga jikina.

"Ka ga iskar?"

Na ce na gani.

"Tun yaushe?"

Na nuna masa gaɓar can.

"Me ka ce?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce sai na maimaita kalma-kalma. Na maimaita, wani cikin masu yashi ya ƙyalƙyale da dariya, Baba ya harare shi ya haɗiye ta.

"Tarbiyya mai kyau," Baba ya ce. "Mamanka ta yi ƙoƙari. Yau ta kusa kashe 'yar mutane."

Na ji haushinsa ƙwarai. Duk hanyar gida ina ta rayawa a zuciyata cewa tsohon nan bai san gidanmu ba, bai san wanda ya ciyar da ni ba, ya zo daga teku yana so ya mai da ni marar kunya. Sai da na yi wanka na zauna sannan na yarda cewa ba shi nake jin haushi ba. Na ga abin da ba wanda ya gani, ina da lokaci, na ɓata shi wajen kare kaina daga fushin Yaya. Abin da na kira ladabi, rabinsa tsoro ne.

Asabar mai zuwa Baba bai sa jirgi a ruwa ba. A kan yashi ya zaunar da kowa a wurinsa, ya miƙa mini sanda, ya miƙa wa Yaya igiya. Ya ce in faɗa. Na faɗa a hankali, ya ce bai ji ba. Na ƙara, ya ce masu yashi ba su ji ba. A karo na uku na rufe ido na ƙwalla: "Saki igiya!"

Yaya ya saki igiyar, ta faɗi a kan yashi. Bakinsa a rufe.

"Ban ji an maimaita ba," in ji Baba.

Yaya ya sha mur. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya dubi Baba, ya dubi masu yashi da suka bar aikinsu suna kallo, ya ce, "Baba, da girmanka. Yarinyar nan a bayana na goya ta." Ya ɗauki takalminsa ya kama hanya.

Mako guda bai yi mini magana ba. In na kai masa abinci sai ya kau da kai, in na gaishe shi ya amsa da hanci. Mama da ta ji labari, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba, wai kogi ya koya mini ɗaga murya a kan wanda ya zama mini uba, gobe sai ita. Na yi kuka sosai a makon nan. Na yanke cewa na bar jirgi, tunda jirgi ba zai maye mini Yaya ba. Ranar Juma'a da yamma na hango shi a barandar Baba, su biyu suna zaune, Baba yana magana yana zana wani abu a ƙasa da tsinke. Ban taɓa sanin abin da suka tattauna ba. Washegari ina shara na ji muryarsa daga waje, ba tare da ya dube ni ba: "Ke, rana tana yi. Ba za ki kogin ba ne?"

A ranar ma ni ce a baya. Hannuna ya jiƙe da gumi a kan sanda. Mun wuce kwanar nan lafiya, mun juyo, har na fara fatan iska ta yi mini rangwame mu koma gida ba tare da na buɗe baki ba. Ba ta yi ba. Duhun ya taso, ya fi na wancan karon faɗi. Na dubi bayan Yaya, kafaɗun nan masu tabon tartsatsin walda. Na dubi ƙaramar tagwaye, wadda ta dawo jirgi duk da abin da ya same ta, ta ƙanƙame bakin katako tana kallona.

"Saki igiya!"

"Saki igiya!" Muryar Yaya ce, da ƙarfi, har ta dawo daga ɗaya gaɓar. Tampol ya yi ta faf-faf, iska ta wuce ta kanmu, jirgin ya girgiza ya tsaya daram. Na ce ja, ya ce ja, ya ja. Haka muka yi har gaɓa, ina faɗa yana amsawa, hawaye yana zubo mini ban san dalili ba.

Ƙafarmu na taka yashi ya juyo da fuskarsa ta gida. "Ɗauko min takalmina," ya ce. Na ruga na ɗauko, na durƙusa na ajiye masa. Baba yana gefe yana dariya har da tari. Tun daga ranar haka muka riƙa yi, a ruwa wanda ke baya shi ke magana, a tudu Yaya Yaya ne.

Jirgin bai shekara biyu ba. Baba ya koma Binuwai, can ya rasu, masu yashi suka karɓi kwale-kwalensu suka cire icen turaren. Mu kuma rayuwa ta watsa mu. Na zama malamar firamare, na yi aure, na haihu. Yaya ya buɗe shagonsa, ya yi iyali, furfura ta fito masa, gidanmu kuma ya koma yadda yake, ba a ba shi umarni. Ni ma na koma. Nakan tuna jirgin kamar wani wasa da muka yi muna yara.

Sai bara ya taka guntun ƙarfe a shago. Yana da ciwon suga, ya sani, mu ma mun sani. Ya ce ƙaramin abu ne, ya sayi magani a kemis, wani abokinsa ya kawo masa na gargajiya. Ciwo ya ƙi rufewa. Matarsa ta roƙe shi, Mama ta roƙe shi da hawaye, fasto ya zo ya yi addu'a ya ba da shawara cikin hikima. Yaya ya ce shi ba za a kai shi a yanke masa ƙafa ba, mai walda da ƙafa ɗaya me zai yi. Tsoro yake ji, kuma babu wanda ya isa ya faɗa masa haka. Ni ma kullum in na taso makaranta sai na biya, in zauna a ƙasa kusa da kujerarsa in fara: "Yaya, don Allah ka yi haƙuri, da za ka daure..." Shi kuma ya ce yana ji na, ya kau da zancen.

Wata Talata na tarar matarsa tana sake masa tsumma. Na ce ta bari in gani. Yatsunsa biyu sun yi duhu, duhun kuma ya fara hawa saman ƙafar. Daga inda yake kishingiɗe ba ya iya ganin wajen, ko kuma ba ya so ya gani. Matarsa ta saba da shi kullum har ta daina lura. Na tsaya ina kallo, na ji hannuna ya jiƙe da gumi, na gane cewa a ɗakin nan ni ce a baya, kuma mako uku ke nan ina ƙoƙarin ƙarasa maganar da na fara a kogi.

Na fita bakin titi na tsayar da keke mai ƙafa uku, na ce ya shigo har ƙofar gida. Na koma ɗaki. Ban zauna a ƙasa ba, ban gaishe shi ba. Na tsaya a kansa na dubi cikin idonsa.

"Tashi. Asibiti."

Matarsa ta dafe ƙirji. Mama ta ce "Ke!" daga bakin ƙofa. Yaya ya ɗago, fuskarsa ta haɗe, jijiyar nan ta wuyansa ta tashi. Har yanzu tsoronsa nake ji, ina da shekara kusan arba'in, da 'ya'ya uku. Na ce a raina in ya kore ni yau, in ya daina yi mini magana har abada, ya yi, in dai da ƙafarsa. Ban sunkuyar da kai ba, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Muka daɗe a haka, injin keke yana ta ƙara a waje.

"Asibiti," ya ce. Ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

Ya miƙo mini hannu na ɗaga shi. Da ya tsaya, ya dafa kafaɗata, ya dubi ƙofa ya ce, "Ɗauko min takalmina."

Na durƙusa na jawo su daga ƙarƙashin gado. Ɗaya na sa masa, domin ɗaya ƙafar ta wuce shiga takalmi. Ɗayan na riƙe a hannu har asibiti, ban san me ya sa ba, ina zaune a gefensa a keke ina kuka, shi kuma yana ce mini in yi wa mutane shiru.

Yatsu biyu aka cire. Ƙafar tana nan, da ita yake takawa zuwa shago, yana ɗan ɗingishi. Ba mu taɓa yin zancen ranar ba, ni da shi, kamar yadda ba mu taɓa yin zancen jirgin ba. In na je gidansa a ƙasa nake zama, in gaishe shi kaina a sunkuye, ya amsa da hanci. Sai dai ranar Lahadin da ya fara komawa coci, da aka tashi, a gaban mutane ya tsaya ya ɗaga ƙafar ya nuna mini. Takalmi biyu ne a ƙafafunsa.